Ɗaya Fuskar Azurfar Inna

Mutanen gidanmu a Kontagora sun daɗe da yanke hukunci cewa akwai abin da ya taɓa ni a ka, hujjarsu kuwa ita ce ina sayen kuɗi da kuɗi. Kuɗin ma wanda ko ƙosai ba za a ba ka da shi ba. Tsofaffin sulallan azurfa nake tarawa, irin waɗanda aka daina karɓa a kasuwa tun kafin a haife ni. Na farkonsu a bakin wani tsohon zanen kakata na same shi a ƙulle bayan rasuwarta, wajen lokacin da aka sami mulkin kai. A shekarun nan ne kuma na kama aikin malamin dabbobi, ina yawon yi wa shanu allura daga wannan ruga zuwa waccan.

Wanda bai sani ba, a wurinsa sule sule ne. Ni kuwa da na saka na kakata kusa da wani da na samu daga baya, sai na ga ashe kowanne da kamanninsa. Akwai mai hoton tsohuwa da lulluɓi, akwai mai wani sarki mai sanƙo, akwai mai gemu da kambi wanda aka zana bishiyar kwakwa a ɗaya gefen. Cikin masu kwakwar ma, wani yana da ɗan mitsitsin harafi a ƙasa, wani ba shi da shi, sai ka karkata shi a rana kafin ka gani. Ga fataka, wadda take sule biyu a haɗe. Ga liyari, babba mai nauyi, mai hoton wata mace mai jiki da tsuntsu mai kai biyu. Idan na sami sabo, sai in sake shi a kan dutsen niƙa in saurara. Azurfar kirki tana da doguwar murya, mai gami kuwa ƙara ɗaya take yi ta mutu. Daga nan in ɗora farar takarda a kai in goga fensir har hoton ya fito, fuska da fuska, sannan in jefa shi cikin gwangwanin alewar da nake ajiyarsu.

Babban abokin gabata a wannan harka shi ne wani dattijo maƙerin fari a bakin kasuwa. Ba mu taɓa faɗa ba, hasali ma kullum sai na gaishe shi. Amma abin da nake nema da ido rufe shi yake narkarwa. Tsofaffin sulalla su ne azurfar da ta fi kyau, saboda haka duk matar da take son zobe ko awarwaro sai ta kwance ƙullinta ta kai masa. Sau da yawa ina isowa zan tarar da ɗan kaskonsa a cikin gawayi, kan wani sarki yana lotsewa a ciki.

"Baba, in aka kawo wanda bai yi kama da saura ba, don Allah ka aika a kira ni kafin ka sa a wuta."

"To, Malam, in Allah ya so."

Wannan "to" ɗin na sha ta har na ƙoshi. Ko sau ɗaya bai taɓa aikowa ba.

A wata ruga can bayan Beri na haɗu da abin da ya hana ni sakat shekara da shekaru. Mun gama allura da hantsi, hannuna duk kashin shanu, sai uwargidan Arɗon wurin ta kawo mini kindirmo a ƙwarya. Dattijuwa ce doguwa, marar yawan magana, kowa Inna yake ce mata, ni ma na bi sahu. Da ta sunkuya za ta ajiye ƙwaryar sai mayafinta ya zame. A gefen kanta akwai siririyar fata da aka kitsa cikin gashi, an ɗinke sulalla a jere a jikinta, yadda matan Fulani suke yi. Duk na san su, ban da azurfar tsakiya. Ta fi fataka faɗi, ba ta kai liyari ba. Babu kan mutum a jikinta ko kaɗan, sai wani rubutun Larabci da aka murɗe shi ya hau kan juna, da dogayen layuka tsaye a samansa. Ban san na ƙura mata ido ba sai da ta ja mayafin ta rufe, ta juya ta tafi. Kunya ta kama ni, amma kindirmon nan ban ji ɗanɗanonsa ba.

Da na koma gida na zana abin da na iya tunawa, na kai wa wani malami a unguwarmu wanda ya je Makka da ƙafa a ƙuruciyarsa. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce ya ga irin wannan a hanya, ya yi kama da hatimin sarakunan Santambul. Na tambaye shi wane sarki, a wane gari aka buga ta, yaushe.

Ya ce, "Ai wannan duk a ɗaya fuskar ake rubutawa. Juyo ta mu gani."

Ɗaya fuskar kuwa tana manne da kan matar Arɗo.

Ni fa ba sayenta nake so in yi ba. Abin da nake roƙo a duniya shi ne a ba ni ita a tafin hannu gwargwadon yadda zan ɗora takarda in goga fensir, in mayar. To amma ta yaya namiji baligi zai dubi matar mutum ya ce ta kwance kitsonta? Sai na bi ta wajen mijin. Muna zaune a kan buzu na kewaya, na kewaya, na yabi shanu, na yabi ruwan bana, sannan na sako zancen. Arɗo ya dubi sandarsa ya ce:

"Malam, kayan mata ne. Na uwarta ne, ita ma na uwarta ne."

"Baffa, gani kawai zan yi."

"Ai ka gani."

Na ce bari in nuna masa a fili, don ya gane ba wata manufa gare ni ba. Da muka dawo zagaye na gaba na ɗauro gwangwanina a bayan babur. Na shimfiɗa hula, na jera masa su, ina bayani har da kumfar baki: wannan mai lulluɓi, wannan mai sanƙo, dubi ɗan harafin nan. Ya tattara su gaba ɗaya a hannu, ya jinjina nauyinsu, ya gyaɗa kai.

"Ka yi ƙoƙari, Malam. Saura kaɗan su isa munduwa biyu. Allah ya cika maka."

Inna tana can gefe tana burga nono, kuma na san ta ji. Na kwashe kayana raina a ɓace. A lokacin na ɗauka asarar da na yi a ranar ita ce ta bakina da na ɓata.

Sai na tuna ina da mata. Mace da mace ai babu shamaki. Na lallashe ta, na yi mata alkawarin atamfa, na goya ta a babur har rugar ranar wata kasuwar Beri. Ta shiga bukkar Inna, suka daɗe, ina waje ina ta zagaye kamar ɗan maraƙin da aka ɗaure. Ta fito da man shanu cike da kwano, fuskarta wasai.

A hanya na ce, "Kin gan ta?"

"Na gani. Fara tas, ga nauyi."

"Kin juya ta? Me ke ɗaya gefen?"

"In juya kan matar mutane? A ɗinke take fa. Ni dai na ce mata maigidana ba ya barci saboda wannan azurfa."

Atamfar kuwa sai da na saya.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Su yi ƙaura da rani zuwa wajen Sahon Rami ko can gefen Ibeto, su dawo da damina, ni kuma in bi su da allurata. Na zama ɗan gida. Wata shekara saniyar Inna ta kanta, wadda ta zo da ita daga gidan ubanta, ta kwanta da ciwo har an fara zancen wuƙa, na yi ta zarya da magani sai da ta miƙe. Tun daga nan Inna ta daina ce mini Malam, ta koma "ɗana". Amma mayafin nan bai ƙara zamewa a gabana ba. Sai dai idan iska ta taimake ni, in hango gefen azurfar, in ƙara wani lanƙwasa a zanena. Na san matan suna sauke kayan kai idan za a sake kitso, amma wannan zama ne na mata, ko Arɗo ba ya leƙawa. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce mata da bakina ina son ganin azurfar tsakiyar nan a hannuna. Ta yi murmushi ta ce, "Akwai lokaci, ɗana." Na riƙe wannan magana da hannu biyu.

Da naira ta shigo, mutane suka yi ta tono tsofaffin tukwane da ƙulle-ƙulle, sabo da tsoho duk aka fito da su. Gwangwanina ya cika har na ƙara wani. Maƙerin fari kuwa zugazuginsa bai huta ba, abin da ya cinye a wannan shekarar Allah kaɗai ya sani. Duk da haka cikin abin da ya bi ta hannuna ban ga mai kama da ta Inna ba, ko ɗaya.

Da aka ƙirƙiro jihar Neja aka ce an mayar da ni Minna. Na je rugar yin sallama da safe. Aka yi addu'a, Arɗo ya ba ni zabi biyu. Ina ɗaure su a babur sai ga Inna ta fito, kanta babu mayafi, abin da ban taɓa gani ba. Idona ya tafi kai tsaye gefen kanta. A tsakiyar jerin akwai gurbi, fatar wurin ta fi sauran duhu, ga ramukan zare. Na ce a raina lokacin ya yi. Ta miƙo mini ɗan ƙullin tsumma, na karɓa da hannu biyu.

Tun kafin in kwance na ji abin ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Zobe ne. Kauri gare shi, fari sol, sumul ko'ina.

Ta ce da Hausarta mai sanyi, "Tun ranar farko na ga idonka a kan ta tsakiyar nan. Na ce wannan yaro ya san azurfa. Amma namiji ba ya sa kayan kan mace, kuma ba a ba mutum kamar kai abu mai huji. Na kai Kontagora da kaina. Na ce wa maƙeri ya cire duk tarkacen rubutun nan, ya bar maka zallar azurfar."

Arɗo yana gefe yana murmushi. Abin da uwarta ta bar mata, wanda ba ta ba 'ya'yan cikinta ba, shi ta cire daga kanta ta ba ni. Na durƙusa na yi godiya, na sake yin godiya, hawaye ya zubo mini. Ta dafa kafaɗata ta ce in daina kuka, ai Minna ba nisa.

Da na share fuska na ce, "Inna, ɗaya gefen, wanda yake manne da fata, me ke jikinsa?"

Ta ɗan yi tunani. "Rubutu ne."

"Wane iri?"

"Irin na masu rubutu, ɗana."

Ban tsaya gida ba, da zabin a babur na wuce bakin kasuwa. Dattijon yana ganin zoben a hannuna ya washe baki, ya ce ya daɗe bai narka azurfa mai kyau irin wannan ba, ko gami babu.

"Baba, shekara nawa ina roƙonka ka kira ni?"

"Ita ta ce kada a gaya maka, kyauta ce."

"To ka duba ta kafin ka sa a wuta?"

"Na sake ta a kan uwar maƙera, na ji muryarta. Me kuma zan duba?"

Na buɗe baki zan yi masa tas, sai na ga babu abin da faɗa zai dawo da shi. Na tsaya ina kallon ɗan kaskon nan baƙi a gefen murhu, babu komai a cikinsa.

Zoben ya zauna daidai a yatsana, ban san yadda ta auna ba. Ban taɓa cire shi ba, don ba zan iya wulaƙanta kyautar Inna ba. Mutane suna yaba shi, wasu har su tambayi inda na samu azurfa mai kyau haka, in ce musu uwata ce ta ba ni. A cikin gwangwani kuwa kowane sule yana naɗe da takardarsa mai hoto biyu. Takarda ɗaya ce ba ta naɗe komai ba, zanen fensir ne a gefenta na dama, gefen hagu fari.