Gadin Ciyawa

Na yi aikin hanya tun gemu bai fito mini ba. Sarkin ƙauye ne ke zaɓen masu tafiya. Bature ba ruwansa da ko wane ne, shi dai a cika masa mutane. Mun tafi da wana, na dawo ni kaɗai. Zawo ya kashe shi a hanyar kudu, muka rufe shi da marmarar da muke zuba wa titi. Na rantse ba zan koma ba, ko da yake rantsuwar talaka ba ta wuce bakinsa.

Muna zaune a wani ƙauye bayan Gbalahi. Ubana Bahaushe ne, fataucin goro ya kawo shi Tamale, ya mutu bai bar mana komai ba sai harshe. Sarkin Dagombawan wurin ya ba ni gona kusa da wani kwari mai duwatsu. A jikin duwatsun akwai wata ciyawa, ganyenta kamar na abarba, da ƙaya a gefe, amma ba ta 'ya'ya. Tsakiyarta na riƙe ruwa, sauro na zuba ƙwai a ciki. Da damina takan fid da jan fure. Akuya ba ta cin ta. Masu magani ba sa ɗiba. Ko suna ba wanda ya wahalar da bakinsa ya sa mata.

Wata rana ina noman doya sai ga Baturen gona a kan doki, da tafintansa a ƙasa yana haki. Ya zo duba auduga ne, wadda ba ta taɓa yin kirki a ƙasarmu ba. Ya hango jan furen. Ya sauka, ya durƙusa a kan dutse, babban mutum da shi, ya ciro gilashi yana leƙen ciyawa kamar mai duba kwarkwata. 

Tafinta ya kira ni. Mutumin kudu ne, Hausarsa a karye, Baturen kuma "Masa" yake kiran sa.

"Kai, mai gona. Masa ya ce wannan ciyawa babu shi ko'ina duniya, sai nan."

Na ce, "To, Allah ya taƙaita."

"Ya ce danginsa duka suna bayan teku. Ya ce in ya ƙare nan, ya ƙare ke nan."

"Wana ma haka."

Bai faɗa wa Baturen wannan ba.

Kafin su tafi Baturen ya tumɓuke guda biyu da hannunsa, ya naɗe a tsumma. Wai za a aika ƙasarsu a raɗa mata suna. Shi ne ya fara cira, ina tsaye.

Bayan kwanaki aka kira ni gaban sarki. Baturen gona ya ba da oda: kada kowa ya taɓa ciyawar, ni ne mai gadinta, kuma muddin tana nan ba za a ɗauke ni aikin hanya ba. Wannan na ƙarshen kaɗai na ji. Sarki ya dube ni, bai ji daɗi ba, don an cire masa ƙato ɗaya daga cikin waɗanda yake bayarwa.

Haka na zama mai gadin ciyawa. Na kewaye kwarin da ƙaya. Na kori yara, na kori mata masu itace, na hana masu farautar gafiya sa wuta. In na shiga zango ranar kasuwa, abokaina su tashi tsaye.

"Sarkin ciyawa, ranka ya daɗe! Yaya talakawan?"

Matata ma ba ta bar ni ba. In na dawo sai ta ce, "Maigida, amaryar ta sha ruwa kuwa?"  An buga gangar lebura, aka tafi da maƙwabtana, ni ina zaune a kan dutse.

Abin da ya ɓata lamarin gaisuwa ce. A ƙasar nan ba a zuwa gaban babba hannu wofi. Sarakunan ƙauye sun saba kai wa Turawa ƙwai da zabbi da doya, Turawan kuma su miƙa wa kuku ba tare da sun duba ba. Yanzu ga labari ya bazu cewa akwai abin da Bature ya durƙusa wa.

Da safe sai ga ɗan aiken sarkinmu, riƙe da sandar sarki, da masaki a kansa.

Na ce, "An hana."

Ya ce, "An hana wa? Mai abin za a kai wa abinsa. Ƙasar ta sarki, Baturen baƙon sarki. Kai a wa?"

Ya ɗaga sandar. Wanda ya tare sandar sarki ya tare sarki. Na matsa. Ya cika masaki.

Na bi su har Tamale, ina sa ran Baturen zai yi musu tsawa. Ya fito baranda, ya ga masakin, fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Tafinta ya raɗa masa wani abu. Daga baya tafintan ya gaya mini abin da ya ce: ba a mayar da kyautar sarki, zagi ne, kuma gwamnati na bukatar sarkin nan. Sai Baturen ya haɗiye, ya karɓa, ya yi godiya. Ya ƙara da cewa kada a sake. Amma kowa ya san haka manya ke faɗa in kyauta ta yi musu daɗi.

Shi ke nan. Sarkin ƙauyen da ke gaba da mu ya ji, ya aiko roƙo wajen sarkinmu, ba a hana ɗan'uwa. Mai neman sarauta ya aiko. Mai shari'ar gona ya aiko. Kowa da sanda. Matan Turawa suka gani a barandar Baturen gona, su ma suka so, masu dafa musu abinci suka fara zuwa da gwangwani. Baturen ya zo kwarin sau ɗaya, ya ga gurabun da aka cire, ya yi ta zagina da harshensu. Na ce wa tafinta ya gaya masa ya daina karɓa. Tafinta ya ce, "Kai ne za ka koya wa Masa aiki?"

Na ga waɗanda aka kai. An dasa su a baƙar ƙasa cikin gwangwanayen kananzir, ana ba su ruwa safe da yamma kamar majinyata. Abin da ya saba da dutse. Duk sun ruɓe daga gindi.

Kafin damina ta sake zagayowa saura wani ɗan gungu na ciyawar a can saman dutse, inda sai an hau. Sai aka ce babban Bature zai zo daga kudu, sarakuna za su taru. Ɗan aiken ya sake zuwa, da sanda da masaki, da samari biyu.

Na duba abin. In na bari suka cire, ciyawa ta ƙare, gadi ya ƙare, sai hanya. In na hana, na tare sarki, kuma shi ke zaɓen masu tafiya. Amma in tana nan da rai, ko banza odar Bature na kaina. Na ɗauki fartanya na tsaya a bakin dutsen.

Ɗan aiken ya ce, "Ɗan Bahaushe, ka haukace? A kan ciyawa?"

Na ce, "Hau mu gani."

Samarin sun fi ni ƙarfi. Na fasa wa ɗaya baki, suka karya mini haƙarƙari, suka ɗaure ni da igiyar masakin. Ina kwance ina kallo suka hau suka kankare dutsen tas.

Da na iya tafiya na je wajen Baturen gona. Aka ce an ɗauke shi zuwa wani gari. Na sami wani sabo, shi gyaɗa ce ta dame shi. Tafinta ya yi masa bayani, ya yi dariya, ya tambaya ko da gaske gwamnati ta ajiye ƙato yana gadin dutse.

Da aka buga ganga, ni sarki ya fara kira. Matata ta ɗaure mini gari a tsumma, ba ta yi ba'a ba. Aka haɗa mu a bakin kasuwa, muka bi hanyar kudu da kwanduna a ka. Na yi rani biyu a can. Haƙarƙarin ya warke a karkace, har yau ba na kwanciya ta hagu.