Ƙwayar da Ta Zo a Tukunyar Dalma

Shekarar da aka yi mini aikin maƙoƙo, 'yata ta fari ba ta cika wata goma ba. Muna haya a Agege, ina ɗinki a ƙofar ɗaki. Da wuyana ya warke, sai likitar, wata Bayarabiya mai magana a hankali, ta ce da saura: akwai ƙwaya mai sinadarin nukiliya da zan haɗiya ta ƙone ragowar cutar. Amma sai na yaye yarinyar tukuna.

Na yaye ta. Ta yi kwanaki tana jan rigata, ina kau da kai.

Ranar da aka sa mini, na hau danfo, motar haya, da sassafe na tafi asibiti. Aka ce magani bai iso ba. Mako biyu bayan nan ma haka. A karo na uku na ƙi tashi daga benci sai da likitar ta fito.

"Likita, na raba 'yata da nono saboda ƙwayar nan," na ce. "Ki faɗa mini inda take."

Ta zauna kusa da ni. Ta ce ba a nan ake yin ta ba, jirgi ke kawo ta daga waje, kuma sai da takardun izini, da mota ta musamman, da ma'aikacin da ke auna ta. Ƙarfinta kuma raguwa yake kullum, in ta daɗe a hanya ta tashi aiki. Na ce to me ya hana a yi ta a nan? Ta ce ginin da doka ke bukata da kayan kariyarsa sun fi ƙarfin sashensu, ko binciken da ita kanta ta fara dole ta ajiye shi.

"Amma ba na son a sassauta dokar," in ji ta. "Ni nake riƙe abin nan da hannuna."

Daga ranar na karɓi lambar wayar sashen. Duk Litinin sai na kira, duk Alhamis sai na je da kaina. Yayata ta ce, "Ke dai ba ki gajiya." Na ce mata ba zan gaji ba.

A wata na uku aka kira ni. Wani ma'aikaci ya turo wata tukunyar dalma a kan keken tura kaya, ya buɗe, ya ja da baya. Ƙwaya ce guda ɗaya, ba ta fi ta ciwon kai ba. Na yi bismillah na haɗiye.

Da aka sallame ni, aka ce in nisanci yara na wasu kwanaki saboda sinadarin da ke jikina. Yayata ta ba ni ɗakinta a Idi-Araba, da kwanona da kofina daban. A kwana na shida mijina ya bugo waya ya ce yarinya ta fara tafiya, taku uku ta yi ta faɗa kan buhun shinkafa. Na sa shi ya maimaita mini labarin har sau biyu.