Ƙwayoyin Kawu Mani

Duk wanda ya yi jinya a gidan likita na Dogon Dutsi a shekarun farko na samun 'yanci, in ka ambaci Germaine a gabansa sai ya wage baki ya ɗaga harshe yana dariya. Haka take sa mutane su yi. Ta ba ka ƙwaya, ta miƙo maka moɗar ruwa, ta tsaya a kanka har ka haɗiye, sannan ta leƙa bakinka kamar mai sayen doki. Tsofaffi sun tsani wannan hali nata, sun kuma faɗa mata ido da ido. Ita ko a jikinta.

Siririya ce, mai sauri, wadda ba ta iya zama ba. Ko tuwo a tsaye take ci, ido na kan ƙofa. Uwarta ta rasu tana ƙarama, wan uwarta Mani ya ɗauke ta ya goya a Tungar Yaro, wani ƙauye a kan hanyar Lugu. Da matan mishan suka zo neman yaran makaranta, shi da kansa ya ɗora ta a jaki ya kai ta. Da ya ji an yi mata baftisma an sauya mata suna bai ɓata rai ba, cewa ya yi kowa da abin da yake bauta wa, shi dai yana nan da Doguwar gidan ubansa. Daga mishan aka tura ta Yamai ta koyi aikin jinya, ta dawo a shekarar da aka sauke tutar Faransa.

Ta tarar da gidan likita ba likita. Bature ya tafi, wanda ya gaje shi yana Dosso, sai lokaci lokaci yake leƙowa. Daga ita sai Hilaire, babban ma'aikacin jinya da ake kira Majo, sai kabad ɗin magani mai makulli ɗaya. A Yamai an koya mata cewa tsakanin magani da dafi awo ne kawai, kuma kowane magani yana da mai shi, da yawansa, da lokacinsa. Abin da malaman Yamai suka manta su faɗa shi ne mutumin Arewa ba ya cin abu shi kaɗai. Ka ba shi ƙwayoyin mako, kafin ya wuce bakin kasuwa ya raba rabi kamar goro, kuma ya tafi gida da farin ciki cewa ya yi zumunci. Wannan ne ya sa ta zama mai leƙen bakin mutane.

To, in rabo ciwo ne, Kawu Mani shi ne ya fi kowa jin jiki a ƙasar nan. Rumbunsa ne ke fara cika, shi ne kuma ke fara ƙarewa. An sha ganinsa ya fita da riga ya dawo da bante. Matarsa kafin ta rasu ta gaji da faɗa har ta koma ɓoye hatsi a gidan maƙwabta. Ba abin da yake tsoro a duniya kamar a ce masa marowaci.

Bayan kaka ƙafafunsa suka fara kumbura. Numfashi ya gajarce, har barci ya koma yi a zaune. Germaine ta sa aka kawo shi, ta yi sa'a likitan Dosso yana gari. Ya saurari ƙirjinsa ya ce zuciya ce ta gaji. Ya rubuta masa dijitalin, 'yan ƙwayoyi farare da ba su fi ƙwayar dawa ba, ɗaya kowace safiya, ba ƙari ba ragi. Ya ce a rage gishiri, a bar kanwa, a bar aiki mai nauyi da doguwar tafiya. Germaine ta san maganin sarai. Yana tayar da zuciyar da ta gaji, amma in ya ɗan wuce awo yana iya tsayar da mai lafiya, kuma ba ya fita daga jiki da wuri, taruwa yake yi.

Ta so ya zauna a gidanta ya riƙa haɗiya a gabanta kamar kowa. Ya daure na 'yan kwanaki. Kumburi ya fara sauka, shi kuwa ya fara ramewa da kewa, don a birni ba wanda ya san shi balle ya roƙe shi wani abu. Wata safiya ta tarar ya ɗaura wa jaki akumari. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ba abin da ya shiga. A ƙarshe ta karya dokarta da hannunta, ta ba shi kwalba, ta maimaita masa gargaɗi har ya ce kunnensa ya cika.

Daga ranar hankalinta bai sake kwanciya ba. Duk ranar kasuwa sai ta bar aiki na ɗan lokaci ta kutsa cikin 'yan Tungar Yaro tana tambaya. Su ce lafiya lau, ƙafa ta saɓe, har yana gyaran darni. Su ƙara da cewa maganin nan nata sai dai a gode wa Allah. Wannan yabon shi ya fi tsorata ta, don ta san labarin magani mai kyau ba ya kwana a gida ɗaya.

Ana nan sai ga wata tsohuwa, A'i, maƙwabciyar Mani, an kawo ta a kan takarkari tana ta amai. Ta ce duniya duk ta koma mata ruwan ɗorawa, har fuskokin mutane. Germaine ta kama wuyan hannunta, ta ji jijiya tana bugawa a hankali, tana tsallake, kamar mai daka da ta gaji.

"Inna, mi kinka sha?"

"Ban sha komi ba, ɗiyata, sai ɗan abin da Mani yas sam min. Sanyi ad damuna ga gwiwa."

"Nawa kinka sha?"

"Waɗanga 'yan mitsi-mitsi? Guda mi za ta yi? Abin da yab ba ni dut na watsa baki."

Aka kwantar da ita. Ita da Majo suka yi abin da za su iya, wanda yawancinsa tsaro ne da jira, don maganin da ya riga ya shiga jini ba a kwaso shi da cokali. Tsohuwa dai da sauran kwananta, ta tashi daga baya. Amma Germaine ba ta jira ta ga haka ba. Da bugun ya ɗan daidaita ta bar ta a hannun Majo, ta ari kekensa, ta ɗauki sabuwar kwalba daga cikin abin da likita ya rubuta wa Mani. Rairayin hanya ya hana keke tafiya, ta sauka tana turawa tana zage-zage, abin da matan mishan ba su koya mata ba.

Ta sami Mani a Tungar Yaro jingine da bango, ƙafa ta fara komawa gidan jiya. Kwalbarsa saura abin da bai kai a faɗa ba. Ba ta ko gaishe shi ba.

"Kawu, ka kusa kashe Inna A'i, kuma kana kashe kanka."

Kunya ta kama shi, amma bai ga laifinsa ba.

"Ɗiyata, mutum shi zo ƙohwar gidana shina kuka da ƙahwa, ni ina da maganin ƙahwa cikin aljihu, in ce mashi mi?"

"Ba maganin ƙahwa ba na, Kawu. Na zucciya na, kuma zucciyarka kai ɗai."

"To ni ban iya ba. Gara ki amshe abinki."

Haushi ya turnuƙe ta. Ta yi ta kai da komowa a tsakar gidan, daga bakin rumbu zuwa turken jaki, tana neman abin da za ta faɗa wa mutumin da bai taɓa mallakar komai shi kaɗai ba. Sai idonta ya faɗa kan baƙar akuyar nan mai ƙiba da ke kwance a inuwa. Tun tana yarinya ba a rasa irinta a gidan. Akuyar Doguwa ce, wadda aka keɓe wa iskar gidan. Ko a shekarar yunwa ba a sayar da ita ba, ba wanda kuma ya taɓa buɗe baki ya roƙe ta.

"Kawu, waccan akuya, ka taɓa ba wani?"

"Aradu, a'a! Ai ba tawa ba ta."

"In wani yar roƙe ka kab ba shi hwa?"

"Doguwa ta taɓa ni, ta taɓa shi. Kyautar mugunta ke nan."

"To ka ji maganinka. Wanda duk kab ba, ka cuce shi, ka cuci kanka. In wani ya roƙe ka, turo min shi Dogon Dutsi in duba shi, a ba shi nashi."

Ya dubi akuyar, ya dube ta. Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce ashe 'yan mishan ba su kwashe mata hankali duka ba. Ta samo tsirkiyar fata ta ɗaure sabuwar kwalbar, ta rataya masa a wuya ta tura cikin riga. Ta roƙe shi ya bi ta gari, ya ce gyaran gona ya kusa. Ta tafi tana waiwaye.

Ya kuwa riƙe alkawari. Labari ya riƙa zuwa mata ranar kasuwa cewa Mani ya zama wani iri, ka roƙe shi hula ya ba ka har da rawani, amma ka ambaci kwalbar nan sai ya dafe ƙirji ya kau da kai. Wasu suka ce 'yar birni ta koya masa rowa. Ta ji, ta ji daɗi, ta ce su yi ta faɗa.

Bazara ta kama sosai, irin wadda dutsen garin ke hura zafi kamar murhu. Samarin ƙauyuka duk sun tafi cin rani. Wata rana wajen azahar Germaine tana baranda tana ba masu jira magani, sai ta hango jaki a bakin hanya da mutum a kansa, wani kuma a ƙasa riƙe da igiya. Na ƙasan ya yi 'yan taku, ya tsaya ya dafa wuyan jakin, ya sake yin 'yan taku. Jakin ta fara ganewa. Moɗa ta suɓuce daga hannunta, ta ruga.

Na kan jakin Tukur ne, abokin Mani tun ranar kaciyarsu, ya kumbura har fuska. Mani kuwa da ƙyar ta kai shi gindin darbejiyar da ke ƙofar gidan likita. Ya zube. Leɓɓansa sun yi duhu, numfashinsa yana ƙara kamar ruwa na tafasa a ƙirji. Ya lalubo tsirkiyar da ke wuyansa ya jawo kwalbar.

"Dibi, ɗiyata. Ban ba kowa ba."

"Kawu, don mi kat taho da ƙasa? Ba likita ya hana ka tahiya ba?"

"Jakin guda na." Ya tsaya ya nemi iska. "Tukur yar roƙe ni. Tukur hwa. Na ce mashi a'a, ina kallon idonai. Ban taɓa yi ba tun da anka haihe ni. Sai nic ce, to ga jaki, na ba ka, hau mu tahi wurin ɗiyata."

Tukur yana kuka a kan jakin, ya kasa ma sauka. Ya ce ya yi ta roƙonsa su riƙa karɓa-karɓa a hanya, Mani ya ce ba a hawan abin da aka bayar.

Majo ya fito da gudu da allura. Suka so su ɗauke shi zuwa ciki, ya girgiza kai, ya ce a ciki ba iska, a fara duba Tukur. Majo ya yi masa allurar, ya dubi Germaine, ya kira mutane suka sauke Tukur suka shiga da shi. Ita kuwa ta zauna a ƙasa cikin farar rigarta, ta jingina kawunta da kafaɗarta, ta ɗora yatsu a wuyan hannunsa. Masu jiran magani sun daɗe suna ba da labari cewa ranar ce suka fara ganin Germaine a zaune. Baƙin ciki ya cika ta, da fushi, ta rasa wanda za ta yi wa, don ya yi abin da ta ce ne, yadda ya iya. Ba ta ɗaga hannunta ba har bugun ya tsaya, kafin la'asar.

Da likitan Dosso ya zo ya duba Tukur, ya ce kumburinsa na ƙoda ne, ƙwayoyin Mani ba abin da za su yi masa sai illa. Aka ba shi nasa maganin, ya riƙa haɗiya a gaban Germaine, yana ɗaga harshe ba tare da an ce ya ɗaga ba. Ya warke a hankali, har ya yi shekaru bayan haka.

Ranar da aka sallame shi ya jawo jakin, wanda aka ɗaure a gidan Majo tun zuwansu, ya kawo ƙofar gidan likita. Ya ce ita ce 'yar Mani, ga dukiyar ubanta, shi zai taka a hankali ya isa gida. Germaine ta dubi jakin, ta dubi akumarin da ta hau tana yarinya. Ta karɓi igiyar ta mayar masa a hannu.

"Hau abinka, Baba Tukur. Ya riga ya ba ka."

Ta riƙe masa jakin har ya hau, sannan ta koma baranda, inda mutane ke jiranta.