Keken da Baba Birki ya ƙi hawa

Baba Birki da ƙeya yake gane mutum, ba da fuska ba, kuma aikinsa ne ya mayar da shi haka. Tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari, shi ne mai tura keken guragu a gidan tarihin garinsu, wani tsohon gini mai hawa da gangara da 'yan yawon buɗe ido ke cikawa kullum. Duk baƙon da ya zo da ciwon ƙafa, ko tsufa ya ci ƙarfinsa, ko ya zame a banɗakin otal, hannun Baba ake danƙa shi. Fuskar baƙon kallo ɗaya yake yi mata a bakin ƙofa, ƙeyar kuwa tare suke wuni. Ya san ƙeya mai sanƙo, da wadda rana ta gasa ta yi ja, da wadda ke sandarewa don tsoro in an doshi gangara.

Sunan kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Ba mai zama a kekensa, ba mai tashi, sai ya ɗaga yatsa ya ce, “Birki tukuna!” sannan ya sunkuya ya danne ƙarfen da ke riƙe taya. Abin ya bi jikinsa har gida. Yaro zai hau kujera, birki tukuna. Matarsa za ta sauke tukunya, birki tukuna. Da 'ya'yansa suka gaji sai suka laƙaba masa, unguwa ta ɗauka, sunan yanka ya ɓace.

Kuma ba turawa kaɗai yake yi ba, har da wa'azi, ko baƙo yana jin yarensa ko ba ya ji. Kada a sha ruwan da ba a ga an ɓalle murfinsa ba. A sa hula. Magani a jakar hannu yake zama, ba a akwatin da jirgi zai iya kaiwa wata ƙasa ba. A gangara kuwa da baya yake saukowa da mutum, don kada ya kife. Waɗanda suka fi ba shi aiki su ne tsofaffin maza masu taurin kai, waɗanda za su tsaya suna haki, suna rantsuwa cewa lafiyarsu ƙalau. Sai Baba ya gyara musu matashin kujerar, ya yi ƙasa da murya ya ce, “Zauna, yallaɓai, keke ba kabari ba ne.” Kuma sai su zauna.

Abin dariyar shi ne, jama'a don zanen rufin babban zauren gidan tarihin suke keto duniya su zo, shi kuwa Baba bai taɓa tsayawa ya kalle shi ba. Mai tura keke ƙasa yake kallo. Ya san kowane tayil da ya tsage, da inda kafet ke cin taya, da inda mai shara ke barin ruwa. Wata rana matarsa ta tambaye shi me aka zana a sama haka da ake ta ɗaga kai, sai ya ce an ce tsuntsaye ne.

Gwiwar dama ce ta sallame shi daga aiki. Ya dawo gida yana ɗingishi, yana cewa takalmi ne ke matse shi. Matar tasa, wadda kowa ke kira Mama, ɗinki take yi a ɗakin gaba, kuma ta san ƙaryar mijinta tun kafin ta fito daga bakinsa, amma ta ƙyale shi da takalminsa.

Autarsu tana aiki a wani kantin magani a wani birni na bakin teku, a wata ƙasa. Wata rana ta turo hoton wani lambu a kan tudu, inda ake hango ruwa har iya ganin ido. Mama ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin gada ba. Ta riƙa buɗe hoton tana rufewa har zare ya ƙare a keken ɗinki ba ta sani ba. Da Auta ta ce su zo hutu, Mama ba ta roƙi komai ba sai abu ɗaya. Ta ce, “Baban Auta, ni dai in tsaya a wurin nan, kana gefena. Daga nan ko ban sake zuwa ko'ina ba, na gode Allah.” Har riga ta ɗinka shuɗiya, ta ce ta ranar ce.

Shirin tafiya kuwa Baba ya samu abin yi. Ya ja Mama asibiti aka yi musu allurar rigakafi, ya sa Auta ta yi musu inshorar lafiya, ya tsare mai kemis da tambaya har layi ya taru a bayansa. Maganin hawan jinin Mama da nasa na gwiwa ya zuba a jakar hannu, ya rataya a wuya tun ana saura kwanaki. Huluna ma sai da ya sayo har da ta ko-ta-kwana. Abu ɗaya ne bai shirya masa ba. Auta ta gaya wa kamfanin jirgi cewa mahaifinta na buƙatar keke.

A filin jirgi wata ma'aikaciya ta turo keken har gabansa, tana murmushi. Hannun Baba bai yi shawara da shi ba, sai gani aka yi ya kama mariƙin. Ya latsa taya, ya girgiza kai, ya danne birki, ya juya ga matarsa.

“Zauna, Maman Auta.”

“In zauna in yi me? Ni lafiyata ƙalau.”

“Ki rufa mini asiri,” ya ce a hankali. “In na riƙe shi ina jingina. Kuma ba a tura keke ba kowa a ciki, sai a ce na zautu.”

Mama ta kalle shi, ta kalli mutanen da ke kallonsu, ta zauna. A nan aka yi kuskuren, domin daga ranar tsarin ya zauna daram. Da suka sauka, Auta ta aro keke daga kantinsu don mahaifinta, amma washegari ta fito ta tarar da uwarta a ciki da jaka a cinya, uban yana baya yana duba birki. Ta yi magana, ta yi fushi, ta kawo masa bayanin likitoci. Baba ya saurare ta tsaf kamar yadda ake sauraren yaro yana ba da labarin mafarki, sannan ya ce mata ta sa hula.

Haka suka riƙa zaga birnin, gurgu yana tura mai lafiya. Direban bas ya sauke musu faifan hawan keken guragu, ana buɗe musu ƙofofi, ana nuna musu lif na hawa bene, tsofaffin mata suna dafa kafaɗar Mama da tausayi suna jinjina wa mijin kirki. Baba kuwa sai duba aikin mutane yake: wannan gangarar ta yi tsayi, waccan ƙofar ta yi ƙunci, amma banɗakin tashar jirgin ƙasa ya yaba masa, har ya so a kira wanda ya gina shi. Ita Mama, in za a faɗi gaskiya, ta fara jin daɗin abin. Matsalarta mantuwa. A wani shagon yadi ta hango wani leshi can a kan kantar shagon, ta miƙe tsam ta taka ta je ta shafa shi. Mai shagon ta dafe ƙirji ta saki ƙara, tana kiran maƙwabta su zo su ga ikon Allah. Auta ta ce a ranar ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Duk wannan abin gwiwar tana lissafinta. Kullum da safe sai ta ƙara kumbura, Baba ya ja wando ya rufe. Ana gobe za su hau lambun, a wani titi mai shimfiɗar duwatsu, ya danna keken zai hau dakalin gefen hanya, gwiwar ta ce ta gama. Auta ta rantse cewa yana cikin faɗuwa sai da ya miƙa hannu ya danne birki, sannan ya kai ƙasa.

A asibitin baƙi ma sai da aka sake ɗauka cewa Mama ce mara lafiyar. Likitar, wata yarinya mai fara'a, tana shigowa ta durƙusa gaban Mama ta fara latsa mata gwiwa, domin ita ce a keke, Baba kuwa yana tsaye da ƙafa ɗaya ya dafa bango yana gumi. Sai da Auta ta juyo da ita. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ɗaure gwiwar, aka ɗora ƙanƙara. Auta ta fassara masa: ba karaya, amma kada ya kuskura ya ɗora mata nauyi. Ko dai ya hau keke, ko ya kwanta a ɗaki har ranar komawa, kuma ranar komawa jibi ce.

“To na kwanta,” in ji Baba. “Ku je ku gano ruwanku, ku ba ni labari.”

Suka koma gida. Da la'asar yana kwance a falon Auta, ƙafa a kan matashi, ya ga ta ɗauko shuɗiyar rigar daga inda ta rataye ta, ta ninke a hankali, ta sa a ƙasan akwati, ta ɗora tawul a kai. Abin ya soke shi fiye da gwiwar.

“Ba da Auta za ki je ba?”

“Ban ce ina son ganin ruwa da Auta ba.”

Can ya ce, ba tare da ya kalle ta ba, “Maman Auta, ni fa abin nan kaɗai na iya. Ni ne na baya. In na koma gaba, me ya rage mini?”

Tsoro yake ji, kuma ta gani. Ta zo ta zauna a bakin kujerar, ta gyara masa matashi kamar yadda ta sha jin yana ba da labari, ta yi ƙasa da murya.

“Zauna, yallaɓai,” ta ce. “Keke ba kabari ba ne.”

Ya harare ta. Ya ce satar magana ba kyau. Amma da gari ya waye, shi ya fara shiryawa, ya sa hula, ya rataya jakar magani, ya tsaya da ƙafa ɗaya a gaban keken yana jira. Ba wanda ya gane abin da yake jira sai Mama. Ta ɗaga yatsa ta ce, “Birki tukuna,” ta danne. Sannan ya zauna, ƙeyarsa a sandare.

Duk cikin waɗanda aka taɓa turawa a duniya, ba a yi fitinanne irinsa ba. Bas ta kai su ƙofar lambun, Auta ta tura shi hawan, shi kuwa bakinsa bai huta ba. Ta yi sauri. Ta yi hagu da yawa. Ga rami can, ga tsakuwa, ga jijiyar bishiya, wa ya koya mata tuƙi? Da suka kai inda ƙasa ta daidaita, Mama ta ce, “Ba ni shi nan, kafin ki sake shi ya gangara.” Ta karɓi mariƙin, shuɗiyar riga tana kaɗawa a iska. Baba ya ci gaba da nuna mata tsagar siminti, sai ta sa tafin hannu a ƙarƙashin haɓarsa ta ɗaga.

“Yau ƙasa tawa ce. Kai kalli gabanka.”

Ya kalla. Bishiyoyin suka buɗe, sai ga ruwa, shuɗi, ba iyaka, da jiragen ruwa ƙanana kamar an watsa hatsi, da fararen tsuntsaye suna shawagi ƙasa da inda yake. Bakin Baba ya mutu. Ashe abin da mutanensa ke gani ke nan duk shekarun nan, shi ya sa ƙeyarsu ke yin laushi in an shiga babban zaure.

“Kin gani?” ya ce. “Maman Auta, kin gani kuwa?”

“Ina zuwa,” ta ce daga bayansa, tana haki. “Akwai wani dutse a nan.”

Sai ya gane. Tun da ta karɓi keken ba ta ɗaga kai ba, kuma ba za ta ɗaga ba, shi ya fi kowa sanin haka. Ta keto duniya da sabuwar riga ta zo tana kallon tsakuwa da farar ƙeyarsa. Ya zura hannu gefen taya ya danne birkin da kansa, keken ya tsaya cak har ta yi karo da bayansa.

“Me kuma ya faru?”

“Saki mariƙin nan. Zagayo nan.”

Ta zagayo ta tsaya a gefensa, ta dafa kafaɗarsa, ta ɗaga kai. Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba, shi ma bai ce ta sha ruwa ko ta gyara hula ba. Auta ta ja baya ta bar su. Sun daɗe a haka, ita tana kallon teku, shi yana kallon tekun yana satar kallon fuskarta.

“In mun koma gida,” ya ce daga baya, “ki kai ni wurin aikina. Ina so in ga tsuntsayen nan.”

Mama ta ja hanci, ta matse kafaɗarsa.

“Zan kai ka,” ta ce. “In ka yi mini shiru a hanya.”