Ranar da Bishop Ya Dawo

Yayana Wilf bai taɓa taka wata ƙasa ba bayan Ingila, amma tattabarunsa sun san Faransa kamar bayan gidanmu. Duk lokacin zafi a zuba su cikin kwanduna, mota ta tsallaka teku da su, a sake su can, shi kuma ya tsaya bakin ɗakinsu a lambun bayan layinmu, gwangwanin masarar da yake kaɗawa ya kira su a hannu, wuya a ɗage, yana jiran wadda za ta fara sauka. Ni kam ban taɓa ƙaunar tsuntsayen nan ba. Shekara da shekaru ina shanya wanki suna ɓata mini shi. Amma tun da mijina ya rasu na dawo gidan iyayenmu muka zauna da Wilf, dole ta sa na san kowace da sunanta.

Yana saurayi ya shiga ramin kwal, ya fito da tari da taurin kai, bai kuma taɓa aure ba. Da aka rufe ramin sai ƙauyenmu na gefen garin Barnsley ya shiga rufewa da kaɗan kaɗan. Mahauci ya tafi, banki ya bi shi, bas ma ta koma sai ta ga dama. A kan filin ramin aka gina wani makeken sito na ajiye kaya, kuma aikin siton nan ne ya kawo mana Tadek daga Poland, shi da matarsa Halina.

Wata Asabar Wilf ya ga wani dogon mutum ya jingina da shinge yana kallon tattabaru, ya ƙi tafiya.

"Malam, kallo a nan kuɗi ne," in ji Wilf.

"To rubuta bashi, Tsoho," in ji mutumin, da Turancinsa mai tuntuɓe. "Babana ma ɗan rami ne. Shi ma tattabaru ne suka hana shi zaman gida."

Daga ranar Wilf ya zama Tsoho, shi kuma Tadek ya zama Ɗan Poland, ɗakin tattabaru ya koma na mutum biyu. Tare suke shara, tare suke musu a kan abinci, tare suke zagin iska in ta juya. Halina takan aiko mana da wasu 'yan ƙunshin fulawa masu dankali da cuku a ciki. Wilf ya ce ba su da ɗanɗano, ya kuma share farantin tas. A hannunsu su biyu aka ƙyanƙyashe wani namijin tattabara mai farin gashi a wuya, mai tafiya da ƙirji a gaba, Tadek ya sa masa suna Bishop, wai ya yi kama da babban limamin coci. Tun daga kudancin Faransa ya taɓa tasowa ya riga na kowa isowa, har aka kafa hotonsa a bangon ƙungiyar masu tseren tattabaru ta ƙauyenmu, kusa da inda ake sayar da giya.

A wurinmu idan mai tattabaru ya mutu, tsuntsayensa ma sukan raka shi. Da tsoho Clem Barraclough, dattijon ƙungiyar, ya rasu, aka jera kwandunansa a bakin kabari. Ana sauke akwatin aka buɗe su gaba ɗaya, suka tashi fuu, suka zagaya hasumiyar coci suka nufi gida. Ina tsaye kusa da Tadek, na ga ƙaton mutumin nan yana share ido da hularsa.

"Tsoho," ya ce, "in na riga ka, haka nake so a yi mini."

"Rufe mana baki. Da wannan ƙirjin nawa, kai za ka binne ni, ka kuma gaje gwangwanina."

Sai ƙuri'ar raba gardama ta zo, a zauna cikin Tarayyar Turai ko a fita. Kada wanda bai zauna a irin ƙauyenmu ba ya zo yana koya mini dalilin da ya sa mutane suka zaɓi fita. Tun da aka rufe ramin babu wanda ya tambaye mu komai, ko ina kwana. Ranar da aka tashi tambayarmu, da yawa sun ga damar cewa a'a ce kawai, ko a kan mene ne. Ni ma na kaɗa tawa, ba kuma zan gaya muku inda na jefa ta ba. Wilf dai bai ɓoye tasa ba. Ya samo takardar kamfen ɗin masu son fita, mai maganar kame iyakokin ƙasa, ya rasa inda zai manna ta sai jikin ƙofar ɗakin tattabaru.

Na kawo musu shayi na tarar da Tadek tsaye gaban ƙofar, buhun masara a kafaɗa, yana karantawa a hankali.

"Tsoho, wa za a hana shigowa?"

"Ka san dai yadda abubuwa suka lalace."

"Na sani. Wa za a hana?"

"Haba, Ɗan Poland. Ai ba da kai ake ba. Kai namu ne."

Tadek ya sauke buhun, ya kaɗe kafaɗarsa. "Da wa ake, to? Da Halina? Da 'yata?"

Wilf ya ɗauki tsintsiya ya hau sharar wurin da ya riga ya share. Na so in fasa masa kofin shayin a ka. Yayana ba mugu ba ne, amma da ya ce ya yi kuskure gara a cire masa haƙori ba allura.

Masu son fita suka ci. Ba a jima ba Kasia, 'yar Tadek, wadda a asibitinmu aka haife ta, karin harshenta kuma ya fi nawa zama na Barnsley, ta dawo daga makaranta tana tambayar uwarta wai ina ne gidansu da yara ke cewa ta koma. Tadek ya ci gaba da zuwa lambu, amma musun ya mutu. Sai ka ga mutum biyu suna aiki a ɗaki ɗaya ba abin da kake ji sai kukan tattabaru. Da maganar ta kai ga sai Tadek ya nemi izinin ci gaba da zama a garin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa, sai ya ce shi ba zai roƙa ba. Suka fara ɗaure kayan komawa Poland.

Da safiyar ranar da za su tafi, motar ta riga ta cika, sai ga Wilf ya fito da ƙaramin kwando ya miƙa wa Tadek ba tare da ya dube shi ba. Bishop ne a ciki. Duk wanda ya san yayana ya san haƙurin da bakinsa ya kasa bayarwa ne ya sa a kwando. Sai dai babbar tattabara ba kyautar da ake bayarwa haka nan ba ce. Inda ta tashi nan ne gidanta har ta mutu. Wanda aka ba wa ba zai taɓa sakin ta ba, ko na minti ɗaya, don tana fita tsohon gidanta za ta nufa, sai dai ya kulle ta ta yi masa 'ya'ya. Masu tattabaru suna kiran irin wannan fursuna.

Tadek ya leƙa kwandon, ya daɗe.

"Ka san abin da ka ba ni, Tsoho? Ka ba ni wanda zai zauna a inda ba gidansa ba, yana kallon wayar keji."

"Zai ba ka 'ya'ya masu kyau."

"Zan riƙe shi. Muddin ina da rai ba zai fita ba. Ranar da ka zo da ƙafarka ka gaya mini da wa ake, ka ɗauki abinka."

Suka tafi. Wilf ya koma lambu ya rufe gurbin Bishop, na can sama ta hagu, bai sake barin wani tsuntsu ya shiga ba. Takardar nan kuwa ruwan sama ne ya cinye ta, bai cire ba, bai kuma sake manna wata ba.

Shekarun da suka biyo baya ba su zo da abin da aka yi mana alkawari ba. Ramin bai buɗe ba, bas ba ta gyaru ba. Abin da ya fi ci wa Wilf rai, kai tattabaru Faransa ya zama wahala, bincike a kan iyaka da sa hannun likitan dabbobi, har 'yar ƙungiyarmu ta gaji ta daina. Aka koma sakin su a bakin tekun kudu, tseren da Wilf ke kira yawon shan iska. Tsofaffi suka yi ta mutuwa, matasa kuma ba ruwansu. A gidan giya waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a da suka koma cewa ai ba irin wannan fitar suka zaɓa ba. A talabijin kullum sai an kawo wani mai kwat da taye ya ce yawancin mutane yanzu sun yi da-na-sani. Da ya fara, sai Wilf ya kashe talabijin ɗin.

Wata rana na gaji na tambaye shi kai tsaye.

"Wilf ɗinmu, tsakaninka da Allah, ka yi nadama ko ba ka yi ba?"

"Glenys, shayin nan ya huce."

"Zai ƙara hucewa. Amsa nake jira."

Ya juya cokali a kofi, ya juya, ya juya. "Mutum ɗaya ne zai ji amsar nan, kuma ba ke ba ce."

"To ka je ka gaya masa mana. Jirgi ne, ba rami ba."

Ya yi fasfo, kun ji, na farko a rayuwarsa. Ni na raka shi ɗaukar hoto, ya fito kamar wanda aka kama da satar kaza. Fasfo ya zauna a aljihun tebur. Kullum da uzuri: bana tsuntsaye na kan ƙwai, baɗi suna zubar da gashi, wata shekarar gwiwa ce, wata kuma wa zai ba su abinci, alhali ga ni zaune. Duk Kirsimeti Tadek yakan kira. Wayar na ƙara Wilf zai tuna yana da aiki a waje, ya tsaya bayan ƙofar kicin inda yake zaton ban gan shi ba. "Gaya wa Tsoho Bishop na gaishe shi," in ji Tadek. "Gaya masa har yanzu da safe wajen yamma yake kallo, ɓangarenku." Na lura muryarsa na ƙara siranta, na tambaya, ya ce mura ce.

Wata la'asar, ganye ya fara zuba, ina kwashe wanki sai na ji gwangwanin Wilf ya faɗi ƙasa, masara ta watse. Na leƙa ta shinge. Wani tsuntsu ne a kan rufin ɗakin, ramamme, gashinsa a yamutse kamar tsohon tsumma, fiffike ɗaya a sake. Na ɗauka irin na titi ne ya zo kwaɗayi. Sai ya juyo, na ga farin wuyan. Ya sauko da ƙyar ya bi ta ƙofar, bai kalli abinci ba, bai kalli ruwa ba, ya yi tsalle ya kama bakin gurbin sama na hagu, ya tsaya yana jiran a buɗe masa.

Wilf ya cire hularsa.

"Glenys," ya ce, "Tadek ya mutu."

"Kai dai ba ka iya fatan alheri ba. Wataƙila ƙofa aka manta a buɗe."

"Tadek ba ya manta ƙofa."

Na shiga gida na kira lambarsu. Halina ce ta ɗauka. Tana jin muryata ta fashe da kuka, ni kuma na zauna a kan matakala. Ciwon huhu ne, ya daɗe yana cin sa, ya hana a gaya mana. An binne shi makonni da suka wuce. Ta ce an kai kwandunansa makabarta kamar yadda ya gani a wurinmu, abokansa suka ce a bar tsohon fursunan a gida, ba zai kai ko'ina ba. Ita ta ƙi, don Tadek ya bar mata wasiyya da bakinsa.

"Ya ce a fara buɗe na Bishop. Ya ce tunda Tsoho ba ya ɗaukar waya, a aika masa wanda ba zai iya ɓuya masa a bayan ƙofa ba."

Na ajiye wayar na koma lambu. Ban san yadda zan faɗa masa ba, ashe ba sai na faɗa ba. Wilf na zaune a kan juyayyen bokiti, tsuntsun a tafin hannuwansa, yana shafa ƙashin ƙirjinsa da ya fito kamar wuƙa. Bai san na iso ba. A hankali yake magana, da muryar da yake lallashin masu ciwo.

"Da kai ake," yake cewa. "Da kai ake, Ɗan Poland. Da kai, da Halina, da yarinyar. Na sani tun ranar da ka sauke buhun nan."

Na tsaya riƙe da shinge. Shekarun nan duka ina jiran in ji wannan magana daga bakinsa, da na ji ta kuma sai na ji dama ban ji ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Bishop ya murmure, yana nan a gurbinsa, ya tsufa ba ya tashi sosai. Wilf ya daina zuwa gidan giya, in ana muhawarar nadama a talabijin kuma ba ya kashewa, sai ya zauna ya saurara har ƙarshe. Abin da ke damuna shi ne na yamma. Yakan shigar da tsuntsayensa duka, ya duba ya ga ba wadda ta rage a waje, ya ja ƙofa. Sannan ya ɗauki gwangwanin ya koma bakin shinge, daidai inda wani dogon mutum ya taɓa jingina, ya juya gabas, wajen Poland, yana kaɗa shi. Da farko nakan leƙo in ce masa ai duk sun shigo. Yakan ce ya sani. Yanzu na daina kiran sa, shayin nake kai masa can.