Haƙora Biyu da Kunyar 'Yar Fari

Duk tsufan da zan yi, ba na jin zan manta watan da 'yata ta fari ta fito da haƙoranta biyu na ƙasa. Lokacin muna ɗaki da falo a Gyaɗi-Gyaɗi, maigidana yana tuƙa adaidaita sahu, yarinyar kuma tana wata takwas. A watan ne surukata, wadda muke kira Inna, ta taso daga Darmanawa ta zauna da mu, saboda ciwon ƙafa da ake duba ta a asibiti.

Ni kuwa an yi mini tarbiyyar kunyar ɗan fari da gaske. Ba na kiran sunan yarinyar, ba na yi mata wasa a gaban manya. In zan ba ta nono Inna tana zaune, sai in lulluɓe ta da mayafi in juya fuskata bango, kamar 'yar maƙwabta aka ba ni riƙo.

Sai cizo ya fara. Haƙoran ba su fi ƙwayar shinkafa ba, amma in ta datsa har tsakiyar kaina nake ji. Wurin ya tsage, ko riga ta goga sai na runtse ido. Wata rana da hantsi ta datse ni na ƙwalla ihu ba shiri, ta firgita, ta wuni tana kau da kai daga nono tana kuka. Ni ma na shige ɗaki na yi nawa.

Maƙwabciyata ta ce in shafa maɗaci in yaye ta in huta, har ta ƙullo mini garinsa a leda. Na karɓa ina kallon yarinyar da ko kunu ba ta gama iya sha ba, ga zafin bazara. Raina bai so ba, amma wallahi na gaji.

Inna ta hango ƙullin a hannuna. Ta ce, "'Yar nan, ajiye wannan tukuna. Ranar da na wuni a asibiti, ta cije ki?"

Na yi tunani na ce, "A'a, Inna."

"To kin gani. In ba na ɗakin kina kallonta kina yi mata hira, ina jiyo ku ta taga ai. In ina nan ki ba ta ƙeya. Ta ƙoshi, ta nemi idonki ta rasa, sai ta kira ki da abin da take da shi."

Kunya ta rufe ni. Ta sa na yaye mayafin na ɗora yarinyar, ta ce in lura da muƙamuƙinta: da zarar ta daina haɗiya, in zura ƙaramin yatsana ta gefen bakinta in zare nonon a hankali, ban da ihu. Na sunkuya ina kallonta, ita ma ta ƙura mini ido, ta kama ta sha har ta yi barci.

Sannan Inna ta ce, "Ubanta shi ne na farina. Shekara biyu na shayar da shi ina kallon bango. Yau in kika tambaye ni yadda fuskarsa take yana jariri, ban sani ba. Ke ki kalli taki."

Cizon bai tsaya nan take ba, ta ƙara dasa mini haƙora wasu lokutan kafin ta bari, amma ban yaye ta ba sai da lokacinta ya yi. Har gobe ba na kiran sunanta a gaban manya. Sai dai tun ranar na gane cewa kunya tana da wurinta, amma kada uwa ta bari ta hana ta kallon ɗanta, domin ƙuruciyar yaro ba ta jiran kowa.