Kududdufin Bayan Gidanmu

A gidanmu na Getso akwai tsari, kuma kakarmu Inna Dije ce ta kafa shi. Ba a tatsuniya sai an yi sallar magariba, an ci tuwo, an wanke kwanuka an kife, an ɗaure awaki. Sannan ta hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu zauna bisa shekaru, babba a dama, ƙarami a hagu. Wanda ya zo da maiƙo a hannu sai ya koma ya wanke. Ba ta da faɗa, amma ba ta maimaita magana.

Wata shekara damina ta tsaga bangon ɗakinta daga sama har ƙasa. Da aka gama girbi, Baba ya yanke shawara za a ture ɗakin, a zubar da ƙasarsa a bayan gari, a haƙo sabuwa daga kududdufin bayan gidanmu. To, kududdufin nan ya riga ya matso. Tsakaninsa da katangarmu bai fi taku goma ba, kuma kowace damina yana ƙara cin gefensa. Inna ta san in aka sake haƙa, katangar za ta bi ruwa, rumbun hatsinmu da ke jikinta ya bi bayanta. Sai dai Baba ɗan farinta ne. Mu asalinmu makiyaya ne, kunyar ɗan fari a wurinmu ba wasa ba ce. Ko sunansa ba ta taɓa kira ba, balle ta zaunar da shi ta ce ya yi kuskure.

Ranar da aka aro diga, sai ta sa muka hura wutar kusa da zaure, inda Baba ke zama da rediyonsa. Ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ku matso, ga wata ta iso," in ji ta. "Wanda ya ji ya riƙe."

Ta ce an yi wani gari da mutanensa ba sa son tsohon abu. Da bango ya tsage sai su watsar da shi, su je rami su ɗebo sabuwar ƙasa. Ramin tun yana kamar akushi har ya kai jaki ya shiga ba a hango kunnensa ba. Tsohuwa ɗaya ce kaɗai ba ta zuwa wurinsa. In ɗakinta ya gaji, sai ta sauke azara ta jingine, ta cire ƙofa, ta sauko da bangon daga sama, ta jiƙa ƙasar kwana uku, ta tattake ta da sabuwar ciyawa, ta mulmula tubali. Mutanen gari suka sa mata suna Mai Ɗumamen Ɗaki. Rannan aka yi ruwa mai ƙarfi, ramin ya taso yana bin gida-gida. Duk bangon da ya shinshina ya ji ƙasarsa ce, sai ya haɗiye. Da ya zo ƙofar tsohuwa ya shinshina, bai ji tasa ba, ya kewaye ya wuce.

Ƙanwata Ladi ta tambaya ko ramin yana da ƙafa.

"Ba shi da ita," in ji Inna. "Mutane ne ke haƙa masa. Ta ƙare a nan, ku tashi."

Sai lokacin na lura rediyon zaure ya daɗe da yin shiru.

Da safe Baba ya mayar da digar nan. Ya dawo ya tsaya a tsakar gida, Inna na zaune tana jin sa, ya dube mu ya ce, "Ku tambayi kakarku, ɗumamen nan ruwa tulu nawa yake sha?"

"Ku ce masa ya fara ɗebowa," in ji ta. "In ya isa zan faɗa."

Mun sha wuya a makon nan. Azara biyu gara ta cinye, suka zama itacen girki. Ƙasar da ta ƙi kwaɓuwa aka kai gona, domin ƙasar tsohon bango taki ce. Ɗakin ya fito ya ɗan kasa na da girma, amma ba a taɓa kududdufin ba, katangar kuma ta tsaya da rumbunta.

Yau ni magini ne, ina aiki tsakanin Gwarzo da Kabo. Bulo da siminti muke yi yanzu, kuma na daɗe ina zaton tatsuniyar ta masu ginin ƙasa ce. Sai da na ga inda tifa ke kwasar yashi, na ga gonakin da suka zaftare a gefen wurin, sannan na gane kowane bulo yana da ramin da ya bari a wani wuri. Na ji masu ilimi a rediyo suna ba wannan dabara ta sake amfani da tsohon kaya dogon suna. Ni a firamare na tsaya, tsarinsa kawai na sani. In zan rushe gini, kwano nake fara saukewa, ƙusa ɗaya-ɗaya. Sai katako, sai ƙofa da taga. Rodi a miƙe shi, bulo mai rai a kankare shi a jera, ragowar ɓaraguzai a yi ciko da su.

Bara wani Alhaji a Kabo ya kira ni in rushe masa gini, ya ce wannan ɓata lokaci ne, katafila yake so, yini ɗaya. Na ce ni kwana biyar zan yi, ba zan rage ba. Ya ba wani aikin. Da aka gama na wuce na ga ɓaraguzan a tsibe sun toshe hanyar ruwa. Na yi masa sallama na roƙe su. Ya yi dariya ya ce, "Malam, kwashe, ka rage mini aiki." Na kwashe su da amalanke zuwa Garo, inda nake yi wa Malam Bitrus, wani malamin makaranta, ɗaki biyu. Na yi cikon ƙasan ɗakunan da su, yanzu shi da iyalinsa a kansu suke kwana.